Jirgi A Madadin 'Ya'ya Biyar

Ranar da aka raɗa wa ɗan ƙanwata sunan marigayi mahaifinmu, gida ya cika da guɗa, kowa na cewa Baba ya dawo. Innarmu kuwa ta karɓi jinjirin ta zuba masa ido, ba ta ce uffan ba. Da yamma na ce, "Inna, yau dai kin ga Baba." Sai ta ce, "Yaro dai na gani, 'yar nan." Maganar nan ita ta faɗo mini a rai da na karanta labarin wata uwa a Amurka.

Amurkawa suna da al'adar sa wa jiragen ruwansu sunayen mutanensu da suka rasu. A Yaƙin Duniya na Biyu kaɗai sun ƙera jiragen dakon kaya 2,710 da ake kira Liberty, akasarinsu da sunan wani mamaci a goshi. Wasu jiragen yaƙin kuma sunan jaruman sojan ruwa ake ba su. Ranar tura jirgi cikin ruwa mace ake gayyatowa ta fasa masa kwalba a gaba, ta ambaci sunansa.

Alleta Sullivan, mutuniyar garin Waterloo a jihar Iowa, tana da 'ya'ya maza biyar: George, Francis, Joseph, Madison da autansu Albert. A watan Janairu na 1942 suka shiga sojan ruwa, da sharaɗin ba za a raba su ba. Hukuma ba ta son haɗa 'yan gida ɗaya a jirgi guda, amma ta kau da kai, aka zuba su a jirgin Juneau. Ranar 13 ga Nuwamba na wannan shekarar jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya harbe shi kusa da tsibirin Guadalcanal. Jiragen da suke tafe tare ba su tsaya ba, suna tsoron a harbo su, kuma suna zaton babu wanda ya tsira. Ashe kusan mutum ɗari suna kan ruwa da ransu. Kwana takwas aka yi kafin a kai gare su, ƙishirwa da kifaye masu cin mutum suka yi ta ɗauke su, goma kacal aka tsamo. George, babban wan, ya yi kwanaki a raye kafin shi ma ya tafi. Allah sarki! Uwar ba ta ji daga hukuma ba sai a Janairun 1943, bayan raɗe-raɗi ya cika gari har ta rubuta wasiƙa tana tambaya.

A watan Afrilu na 1943 aka kai ta San Francisco, aka miƙa mata kwalba, ta fasa wa sabon jirgin yaƙi mai suna The Sullivans.

To ke 'yar uwa mai karatu, wannan biyan bashi ne ko rufe baki? Da farko wallahi haushi na ji. Takwara a wurinmu dangi ne suke yi, don ƙauna, yaron kuma zai tashi ya yi dariya, wataƙila har ya ɗauko halin mai sunan. Nan kuwa wanda ya karɓi 'ya'yanki, ya bar ɗaya yana galabaita a teku, shi ne ya zo da ƙarfe ya ce ga sunansu. Kuma sunan ya yi wa hukuma aiki, domin kuwa an yi ta yawo da uwar da uban a masana'antu suna ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa. Mutum 687 suka mutu a Juneau. Sauran uwayen fa, da aka cinye wa ɗa guda tilo? Zafinsu bai kai ba ne don lissafin bai kai biyar ba?

Amma da na kwana da abin, sai na ga na yi wa matar nan shisshigi. Ba gawa aka ba ta ba, ba ta da kabarin da za ta je ta tsaya. Mace irin wannan idan aka ce ga inda za a rubuta sunan 'ya'yanki, wa ya isa ya ce kada ta je? Ni ban yarda ta ɗauki jirgin a matsayin diyya ba. Ina jin kamar Inna ta yi, ta karɓi abin da aka miƙo mata hannu biyu, tana sane da cewa ba shi ne ba. Laifin da nake gani yana kan mai bayarwa, in har ya koma gida yana jin ya sauke nauyi.

Albert ne kaɗai a cikinsu ya bar ɗa. A 1995 jikarsa ce ta fasa kwalba a jikin jirgi na biyu mai wannan suna, na farkon kuwa yana ajiye a birnin Buffalo ana zuwa kallo. Ragowar Juneau sai a 2018 aka gano ta a ƙasan teku.

Ɗan ƙanwata yanzu ya shiga makaranta. Duk gidan Baba muke kiransa, ban da Inna. Ita har gobe "yaron nan" take cewa, kuma wai kunya ce.