Laifin Wa? Nazari A Kan Ciwon Da A Ke Gado

Kafin a soma wannan darasi, a karanta Yohanna sura 9 da Ezekiyel sura 18.

1. Tambayar

Wata damina, a nan Mutum Biyu, wata mace ta zo wurinmu da yaro a goye. Ta riga ta binne 'ya'ya biyu, ko ɗayansu bai kai shekara biyar ba. Na ukun kuwa hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rawaya, yana kwana kuka saboda ciwon ƙashi. Waɗansu a cikin dangin miji sun ce wabi ta ke yi, waɗansu sun ce maita ce ta biyo ta daga gidan iyayenta, uwar mijin kuwa ta ce a sake ta. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ku gaya mini gaskiya. Wane zunubi na yi da a ke biyana da 'ya'yana?"

Tambayar nan tsohuwa ce ƙwarai. Irinta ce almajirai suka yi wa Yesu sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho, gama sun ɗauka lalle akwai mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ciwon yaron nan shi ne wanda a ke kira amosanin jini, ko sikila. Bari mu fara sanin yadda ya ke, sa'an nan mu auna maganar laifi, domin wanda ya yi shari'a kafin ya ji ba'asi ba ya rasa zalunci.

2. Kuskuren baƙi ɗaya

A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wani rubutu na asali, wanda masana su ke kira ƙwayoyin halitta. Baƙaƙensa iri 4 ne kaɗai, amma yawansu ya kai wajen miliyan dubu 3. Kowane mutum yana da kofe biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Daga tsara zuwa tsara a ke juyar wannan rubutu, kamar yadda magatakarda ya ke juyar littafi da hannu. Juyin yana da kyau ƙwarai, duk da haka wani lokaci baƙi ɗaya ya kan sāke.

Mu da aikinmu juyar magana ne mun san abin da ƙaramin kuskure ya ke yi. Idan mai rubutu ya manta da ƙugiya ɗaya, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki. Haka ya ke a jiki. Yawancin irin wannan sākewa ba ta kawo kome. Waɗansu su kan kawo ciwo. Waɗansu kuwa amfani su ke kawowa: Fulani da yawa suna iya shan madara sabuwar tatsa har tsufa ba ta ɓata musu ciki, saboda wata sākewa da suka gada.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga dukan gaɓoɓi. Na mai lafiya suna da taushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi a sauƙaƙe, suna yin wajen kwana 120 kafin su mutu. Na mai sikila kuwa, idan iska ta ragu a cikinsu, sai su ƙage su tanƙware kamar lauje, su toshe jijiya, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini da rawayar ido su ke fitowa. Wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta labarin ƙwayoyin nan a 1910. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa sinadarin da ke ɗaukar iska a jinin ne ya bambanta. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gane ainihin wurin: a cikin sarƙa mai zobba 146, zobe na 6 kaɗai ne ya sāke. Asalinsa kuwa baƙi ɗaya ne a rubutun nan.

Yaushe wannan ya faru? A 2018 masana biyu, Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Nijeriya ne, sun kimanta cewa ya yi wajen shekara 7,300. Tun kafin a haifi matar nan, tun kafin a kafa garinta, abin yana tafe a jinin mutane.

3. Sai da mutum biyu

Wanda ya gaji kofe biyu masu lafiya a kan ce shi AA ne. Wanda ya gaji ɗaya mai lafiya ɗaya mai sikila shi ne AS; lafiyarsa ƙalau, yana noma yana su, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da kome ba. Wanda ya gaji mai sikila daga uba, ya kuma gaji irinsa daga uwa, shi ne SS, shi ne mai ciwon.

A kawo ƙorai biyu, a sa goro fari ɗaya da ja ɗaya a kowace. A rufe ido a ɗauki ɗaya daga wannan, ɗaya daga waccan. Mai yiwuwa fari biyu su fito, ko fari da ja, ko ja biyu. Ja biyu su kan fito sau ɗaya cikin huɗu. Haka ya ke idan miji AS ne matarsa kuma AS. Amma a lura, bayan kowane ɗauka a kan mai da goron a sāke ɗauka. Ciki na biyu bai san abin da na fari ya yi ba. Shi ya sa wani gida ya kan haifi shida ba mai ciwo, wani gida kuwa uku a jere.

Sunan garinmu ya isa ya tuna mana da wannan. Uwa ita kaɗai ba ta iya ba ɗa wannan ciwo, sai da mutum biyu. Dangin da su ke zargin matar nan, rabin abin daga jininsu ya fito. Idan an sake ta aka auro wata mai AS, kuka zai sāke komowa gidan.

4. Garkuwar da ta ke yanka

To, idan abin yana kashe yara haka, don me bai ƙare ba? Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya AS ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta kimanta a 2006 cewa a kan haifi jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara a ƙasar nan.

Amsar tana wurin sauro. A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Afirka ta Gabas, ya nuna cewa masu AS ba su cika faɗawa cikin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ba. An tabbatar da wannan a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike a ƙauyukan Garki, wadda ta ke cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa Jigawa. A cikin jarirai sun sami AS wajen 24 cikin 100, amma a cikin waɗanda suka wuce ƙuruciya wajen 29 cikin 100, gama zazzaɓi ya fi ɗauke 'yan AA. Sun kuma sami SS wajen 2 cikin jarirai 100, amma a cikin manya da ƙyar a ke samun ɗaya.

Ƙasar Gassol tana da Binuwai da kogin Taraba, da fadamun shinkafa, sauro kuwa ba ya rabuwa da mu. Mu da ke zaune a nan, da yawa a cikinmu muna da rai yau domin kakanninmu sun tsira daga zazzaɓi tun suna goye, saboda wannan baƙi ɗaya. Abin da ya tsare ɗa a gida ɗaya shi ya kwantar da ƙanensa. Wa zai iya kiran irin wannan la'ana, bai kuwa la'anci abin da ya raya shi ba? Ya kamata mu yi tawali'u a gaban abin da ya fi ƙarfin ma'auninmu. Sai dai kada mai AS ya yar da gidan sauronsa, gama garkuwar tana rage tsanani ne, ba ta hana kamuwa.

5. Gado dabam, laifi dabam

Hausa ta rarrabe kalmomi uku da ya kamata mu riƙe. Gado shi ne abin da ya same ka ba da zaɓinka ba. Laifi shi ne abin da ka aikata da saninka. Alhaki kuwa shi ne abin da ya rataya a wuyanka saboda wani. A Ezekiyel 18 an tsauta wa mutanen da su ke cewa ɗa yana shan hukuncin abin da ubansa ya yi, aka nuna kowa zai amsa nasa. A Yohanna 9 Yesu ya kawar da laifi daga makahon da iyayensa duka, ya juya hankalin almajirai ga aikin da ke gabansu. Ilimin jini bai saɓa wa wannan ba ko kaɗan. Matar nan ba ta da laifi, mijinta ba shi da laifi, yaron ma haka.

Amma kada mu ce tun da ya ke sākewar halitta ba laifin kowa ba ce, hannunmu ba ya cikin kome. Sauro da ƙwayar zazzaɓi su ma suna da nasu rubutu, yana kuwa sākewa. A 1955, a Ambursa kusa da Birnin Kebbi, aka tarar sauro ya daina mutuwa da maganin feshi mai suna dieldrin, ba a daɗe da soma fesa shi ba. Klorokwin kuma, wanda iyayenmu suka dogara gare shi, ƙwayar zazzaɓi ta gagare shi, har Nijeriya ta sāke magani a 2005. Ba magani ne ya ke haifar da sākewar ba. Ya kan kashe raunana ne, ya bar wa masu tauri fili su yaɗu. Mai shan rabin magani ya ajiye saura, da mai sayar da na jabu, suna taimakon wannan. Nan akwai alhaki na gaske. Abin mamaki, mu kan zargi uwa a kan abin da ba ta yi ba, mu ƙyale kanmu a kan abin da mu ke yi kullum.

6. Sani ya kan jawo alhaki

Kakanninmu ba su da hanyar sani. Mu muna da ita: ɗigon jini kaɗan a asibiti ya isa. Jihar Kano ta kafa doka a 2024 cewa a yi gwaji kafin aure, masallatai da majami'u da yawa kuma suna neman takardar gwaji.

Ga inda maganar ta ke da wuya. Saurayi da budurwa sun shekara uku suna son juna, an kai kaya, an sa rana, sa'an nan takarda ta nuna dukansu AS ne. Waɗansu sun ce a hana auren sam, domin ɗan da ba a haifa ba tukuna ba shi da bakin da zai roƙa wa kansa. Waɗansu sun ce a bar su, Allah ne mai tsarewa. Na fari suna da hujja mai nauyi. Na biyu kuwa sai su yi hankali kada su kira ganganci bangaskiya, gama wanda zai sha azabar ba ya cikin shawarar.

Ga abin da mu ke gani. Da fari, a yi gwajin tun yara suna makaranta, kafin zuciya ta ɗauru, a kuma maimaita shi a wurin da aka amince da shi. Na biyu, kada kowa ya ɓoye sakamako ko ya sayi takardar ƙarya. Wannan cin amana ne ga abokin aure da ɗan da za a haifa. Na uku, idan abin ya riga ya kai ga sa rana, dattawa su zauna da su, su kai su su ga gidan da ke jinyar irin wannan yaro, su faɗa musu gaskiya duka ba ragi. Shawararmu ita ce su haƙura, ko da ya ke mun san zafinta. Amma tilas ta kan haifi takardun ƙarya, gaskiya da ƙauna sun fi ta aiki. Waɗanda suka riga suka yi aure kuwa, kada wannan ya zama dalilin saki.

7. Wanda ya riga ya zo

Akwai haɗari kuma, kada sabon sani ya zama sabuwar ƙyama. Mun taɓa jin ana cewa kashe kuɗi a kan yaro mai sikila kamar zuba ruwa a rariya ne. Wannan magana mugunta ce, ba ta kuma da gaskiya. A Ingila da Amurka fiye da 9 cikin 10 na yaran nan suna kai girma. Abin da ya raba su da yaran Garki na dā kulawa ce: gwaji tun haihuwa, rigakafi, penisilin kullum ga ƙanana, maganin ƙarin jini, da saurin zuwa asibiti in jiki ya yi zafi. A nan sai mu ƙara da gidan sauro, da ruwan sha mai yawa, da sutura lokacin hunturu. Akwai magani mai suna hydroxyurea, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka gwada, suka ga yana tsare yaran nan daga shanyewar jiki. A 2023 Ingila da Amurka sun amince da wata hanya ta gyaran ƙwayoyin halitta, amma kuɗinta ya fi dala miliyan 2, ta yi wa mutanenmu nisa tukuna.

Abin da ke kusa da mu shi ne mu ba da jini sa'ad da a ke nema, mu haɗa kuɗin mota zuwa Jalingo, mu kama wa iyayen aikin gona ran da suka kwana a asibiti. Matar nan mun gaya mata ba ta da laifi, muka kira mijin muka gwada masa da goro. Ya daɗe yana duban ƙoran nan biyu, sa'an nan ya ce, "Ashe har da ni." Ya tashi ya karɓi yaron daga bayanta, suka nufi tasha.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gado da laifi da alhaki? A ba da misali na kowane.
2. Don me a ke saurin ɗora wa mace laifin ciwon 'ya'ya? Yaya za mu amsa wa uwar miji cikin ladabi?
3. Idan ɗanka da wadda ya ke nema dukansu AS ne, me za ka ce musu?
4. Wane gida ne a unguwarku ya ke jinyar irin wannan yaro, me kuma za ku yi musu a makon nan?