Sunan da Kaset Ya Rufa wa Asiri

Wani dattijo a Kudan ya ba ni tsohon kaset na Mamman Shata in gyara masa sautinsa a kwamfuta. Manhaja ta share ƙarar, kalangu ya fito tar. Sai ga zambo, da sunan wani mutum ɓaro-ɓaro, wanda da ba a jin sa.

Shata ya rasu tun 1999. Lokacin da ya yi zambon, mutumin na raye, yana iya ba da haƙuri ko ya rama. Yau jikokinsa ne za su tsince shi a WhatsApp.

Goge sunan ha'inci ne ga tarihi, na yarda. Amma wa ya ba ni izinin sabunta wa mamaci kunya? Na mayar wa dattijo kaset ɗinsa. Gyararren yana kwamfutata, ban tura wa kowa ba.