Masu turin mota

Wata safiya da damina na hau motar kasuwa daga Droum zuwa Damagaram. Buhunan wake a ƙasa, awaki biyu a ɗaure, mu kuma a saman kaya. Ba mu yi nisa ba sai ta kafe a wani kwari da ruwa ya tara wa yashi. Direba ya taka, ya sake takawa, tayoyin baya suka ƙara nitsewa. Aparanti ya diro yana cewa, "Jama'a, a sauko a taimaka!" Wani dattijo da tun a tasha yake hararar wani saurayi saboda kuɗin kaya, sai ga su kafaɗa da kafaɗa. Samarin da ke noma a bakin hanya suka ajiye hauya suka zo, aka saro ƙirare aka cusa ƙarƙashin taya. Da aka yi bisimilla aka tura sau uku, mota ta fita.

Fitarta ke da wuya sai rigima ta tashi. Wanda ya fi kowa turi ya ce gaban mota ya kamace shi. Wanda ke gaba tun farko ya ce kuɗinsa ya biya. Wani ya tarar an ɗora buhu a wurinsa. Mutum biyu suka yi fushi, suka sauke kayansu suka ce za su jira wata motar. Matan da ke bin hanyar kowane mako ne kaɗai ba su ce uffan ba, don kowacce ta san wurinta tun kafin a tayar da inji, ta koma ta zauna abinta.

Tun daga ranar, in na ji ana zancen ƙawancen jam'iyyu a majalisar dokoki ta Yamai, wannan kwarin nake tunawa.

A zaɓen 'yan majalisa na Fabrairun 1993, kujeru 83 aka yi takara a kansu. MNSD-Nassara, wadda ta gaji mulkin jam'iyya ɗaya, ta samu 29. CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ta samu 22, PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou 13, ANDP-Zaman Lahiya ta Moumouni Adamou Djermakoye 11. Babu wadda za ta iya fitar da motar ita kaɗai. Sai masu neman canji suka haɗu a ƙawancen AFC, suka tara kujeru 50, kuma a watan Maris suka tura Ousmane, wanda ake kira Nafarko, ya kayar da Tandja Mamadou na MNSD a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Issoufou ya zama firaminista, Djermakoye ya zama shugaban majalisa. Mutanen Damagaram da suka ga wannan lokacin ba su manta murnar da aka yi ba.

Shekara ɗaya da rabi abin ya yi. A watan Satumban 1994 shugaban ƙasa ya sa hannu a wata doka da ta rage wa firaminista iko. Issoufou ya yi murabus, PNDS ta sauke kayanta ta koma wajen MNSD, wato wajen waɗanda aka haɗu don a ture jiya. Babu ɗan majalisa ɗaya da ya koma gaban masu zaɓe, amma rinjaye ya tashi daga wannan gefe ya koma wancan. Majalisa ta kayar da gwamnatin Souley Abdoulaye, wanda ya gaji Issoufou, da ƙuri'ar yanke ƙauna, Ousmane ya rushe majalisar a watan Oktoba. Zaɓen Janairun 1995 ya ba 'yan adawa kujeru 43, ya zama dole shugaban ƙasa ya naɗa Hama Amadou firaminista, Issoufou kuma ya hau kujerar shugaban majalisa. Aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Ana jayayya kan wanda zai naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, ana jayayya kan kiran taron ministoci, har ranar 27 ga Janairun 1996 da Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ya karɓe makullin motar.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙawance ba ya daɗewa a Nijar. Bayan zaɓen 1999, MNSD da CDS sun yi abin da matan kasuwa ke yi, kowa ya san wurinsa: Tandja a fadar shugaban ƙasa, Hama Amadou firaminista, Ousmane shugaban majalisa. Ko da majalisa ta kayar da gwamnatin Hama a ƙarshen watan Mayun 2007, ƙawancen bai watse ba, Seyni Oumarou ya gaje shi aka ci gaba. Kusan shekara goma suka yi tare. Abin da ya raba su shi ne tazarce, lokacin da direba ya ce zai wuce garin da aka yi jinga a kai. Tandja ya rushe majalisa a watan Mayun 2009, CDS ta fice daga gwamnati a watan Yuni, sojojin Salou Djibo suka zo ranar 18 ga Fabrairun 2010.

Masu rubuta kundin tsarin mulki na 2010 sun yi ƙoƙarin ɗaure fasinja a wurinsa. Suka ce ɗan majalisar da ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujerarsa, mataimakin da aka zaɓe su tare ya maye gurbinsa; wanda kuwa jam'iyya ta kora zai ci gaba da zama a matsayin mai zaman kansa. 'Yan siyasa suka duba dokar suka ga ƙofa. Mai son sauya sheƙa sai ya ƙi yin murabus, ya riƙe katin jam'iyya a aljihu, ya riƙa ɗaga hannu tare da ɗaya ɓangaren, yana jiran a kore shi. Tsagewar da a da take tsakanin jam'iyya da jam'iyya sai ta koma cikin ɗaki.

CDS ce ta fara ɗanɗanawa. Jam'iyyar da ke da kujeru 22 a 2004 ta tashi da 3 a 2011, kuma ƙanƙantar ba ta hana rabuwa ba. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekarar Ousmane ya mara wa Seyni Oumarou baya, Abdou Labo na cikin jam'iyyar kuwa ya bi Issoufou, wanda ya ci zaɓen, ya zama ministan cikin gida. Aka yi ta shari'a kan wanda ke da jam'iyyar, har Nafarko ya tsaya takarar 2016 da tutar MNRD-Hankuri, daga baya ya tsaya da ta RDR-Tchanji ya kai zagaye na biyu da Mohamed Bazoum a Fabrairun 2021. A watan Agustan 2013, da Issoufou ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, Lumana ta Hama Amadou ta fice amma wasu ministocinta suka ƙi tashi. A MNSD kuwa Albadé Abouba ya shiga gwamnati ba da yardar shugabannin jam'iyya ba, daga baya ya kafa MPR-Jamhuriya.

Abin lura a nan shi ne, haɗin kan da ake yi a cikin yashi kowa yana iya shi, don matsala ɗaya ce a gaban kowa. Wanda ake gwada mutane da shi yana zuwa ne bayan mota ta fita, lokacin da kujera ta yi kaɗan, masu cewa sun tura suka yi yawa. Inda aka yi jinga tun a tasha, aka san wurin kowa da garin da za a, ana kaiwa. Inda abin da ya haɗa mutane shi ne a ture wane kawai, da an ture shi zancen ya ƙare.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa a Yamai, kuma a watan Maris na 2025 an rushe jam'iyyun baki ɗaya. Amma kira zai sake zuwa wata rana, a ce jama'a a sauko a taimaka.

Akwai waɗanda ban ƙarasa labarinsu ba. Da motarmu ta kama hanya na waiwaya, sai na hango samarin nan tsaye a cikin hayaƙi, laka har gwiwa, suna komawa ga hauyoyinsu. Babu wanda ya ce musu sannu, mu muna can muna faɗan kujera. Masu jefa ƙuri'a na Droum da Mirriah da Dogo su ma sun sha ajiye hauya su tura. In an sake kiran su, haƙƙinsu ne kafin su sa kafaɗa su tambayi direba inda motar za ta, da yadda na cikinta suka shirya zama, da kuma ko za ta tsaya musu in ta dawo.