Alhakin Aikin da Aka Yi Daga Nesa

Ɗalibin da ke zaune a Zuru, wanda kwamfutarsa ta gaza juyar da dubban layukan umarnin da ya rubuta zuwa harshen da na'ura ke ganewa, yakan tura su ta hanyar SSH, tsarin sadarwa da na'ura daga nesa wanda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a 1995, zuwa wata babbar na'ura a Legas ko Jamus, ita ta harhaɗa, ta mayar masa da manhaja. Shin aikin na wane ne?

Fuƙaha'u sun yi babi a kan wakala, amma sun sharɗanta wa wakili hankali, alhali na'ura ba ta da niyya, ba ta riƙon amana balle ta ci. Saboda haka, a ganina, idan manhajar ta cuci manomin da ya dogara da lissafinta wajen sayen taki, alhakin yana wuyan marubucinta, komai nisan wurin da aka harhaɗa ta.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta mai ba da hayar na'urar, domin Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, mai ba da hayar kuwa ba ya ganin abin da ake ƙerawa a cikinta.