Laifin wa? Tunani a kan jirgin da ya sa mata takaba

Ranar 19 ga watan Yuni na shekarar 1962, jiragen yaƙi huɗu suka tashi daga sansanin Nörvenich, a Jamus ta Yamma, domin gwajin wasan da za su nuna wa manyan baƙi kashegari. Suna tafe kafaɗa da kafaɗa, uku na bin na gaba kamar yadda aka hore su, har suka kutsa cikin gajimare. Da suka fito, ƙasa ta riga ta yi kusa ƙwarai, babu sauran damar ɗagowa. Dukkan matuƙan huɗu suka rasu nan take, aka soke bikin. Jirgin shi ne F-104 Starfighter na kamfanin Lockheed na Amurka, wanda daga baya Jamusawa suka laƙaba wa suna Witwenmacher, ma'ana mai sa mata takaba.

Tarihin wannan jirgi ya bar wata tambaya da ta wuce fagen soja: in kayan aiki ba ya yafe ko ƙanƙanen kuskure, sai mai riƙe da shi ya kuskure ya hallaka, wa ya kamata a ɗora wa alhaki?

Kafin a yanke hukunci sai a san abin da ake magana a kai. A shekarar 1951, injiniya Clarence Johnson, wanda aka fi sani da Kelly, ya je ya gana da matuƙan Amurka masu yaƙi a Koriya. Suka ce masa jirgi suke so marar nauyi, mai sauri, mai hawa sama fiye da MiG-15 na abokan gaba. Abin da suka roƙa shi ya ba su. Jirgin ya fara tashi a 1954, ya shiga aiki a 1958, yana ninka saurin sauti sau biyu; a wannan shekarar ma ya kafa tarihin gudu na duniya da kilomita sama da 2,200 a sa'a guda. Amma sauri yana da farashinsa. Tsawon jirgin ya kusa mita 17, alhali fikafikansa daga baki zuwa baki ba su kai mita 7 ba, ga su sirara, bakinsu da kaifi har sai an sa musu marufi a ƙasa don kada ma'aikata su ji rauni. Ƙaramin fiffike ba ya ɗaukar jirgi sai da gudu, saboda haka ko wajen sauka sai ya taho da kimanin kilomita 300 a sa'a. Don a sauƙaƙa saukar, ana huro iska daga inji a bisa fikafikan. Ke nan in injin, wanda shi kaɗai ne, ya mutu, wannan taimako ma ya tafi tare da shi. In kuma matuƙi ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, iskar da jiki da fikafikai suka hargitsa sai ta rufe wutsiyar da ke can bisa, hancin ya ƙara miƙewa da kansa, jirgin ya kuɓuce. A samfurorin farko na Amurka, kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin haɗari ƙasa take harba shi, abin da ba ya da amfani ga wanda matsala ta same shi daf da ƙasa.

Wannan jirgi, da aka ƙera don farautar jiragen abokan gaba can ƙololuwar sama, shi Jamus ta Yamma ta zaɓa a 1958, zamanin ministan tsaro Franz Josef Strauss. Sai dai wani aiki dabam ta nufe shi da shi: ya ɗauki bama-bamai, har da na nukiliya a ƙarƙashin ƙungiyar OTAN, ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa da gudu, cikin hazo da ruwan sama na arewacin Turai. Aka ƙara masa na'urori, nauyinsa ya ƙaru. Rundunar da za ta karɓe shi kuwa ba ta daɗe da farfaɗowa ba, domin daga 1945 zuwa 1956 ƙasar ba ta da sojin sama. Matuƙa da yawa sun yi horo a Arizona, inda sama take garau kusan kullum, suka komo gida suka tarar da gajimare. Makanikai ba su wadata ba, jirage da dama a fili suke kwana cikin sanyi da raɓa. A shekarar 1965 kaɗai an yi hatsari 27, matuƙa 17 suka mutu. Zuwa 1991, lokacin da Jamus ta ajiye shi, cikin jirage 916 ta yi asarar 292, da matuƙa 116.

A rahotanni da yawa na bincike, dalilin da aka rubuta shi ne kuskuren matuƙi. Ba daidai ba ne a ce ƙarya aka yi. Sau da yawa lalle akwai wani ɗan lokaci da matuƙin ya ja sanda fiye da yadda ya kamata, ko ya makara da daƙiƙa biyu. Maƙerin jirgin ma yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: Sifaniya ta yi amfani da jirage 21 irin wannan daga 1965 zuwa 1972 ba ta rasa ko ɗaya ba, domin aikin da aka ƙera shi don yi ta sa shi, a sararin sama mai haske. Wuƙa dai kaifi aka san ta da shi, kuma ba a zargin maƙeri don ta yi kaifi.

To amma masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai bambanci tsakanin kuskure da abin da kuskuren ke jawowa, kuma a nan ne zancen yake. Kuskure na matuƙi ne. Girman sakamakonsa kuwa wasu ne suka tsara shi tun kafin ya shiga jirgin. Mutum ɗaya yana iya yin tafiya ɗari bai kuskure ba. Amma in an ɗauki matuƙa ɗaruruwa, suna tashi dubban lokuta cikin shekaru, kuskure ya zama tabbas, sai dai ba a san ranarsa ko mai shi ba. Duk wanda ya ƙera na'ura, ko ya saye ta, ko ya zaɓa mata aiki, ya san da wannan. Saboda haka in ya bar ta a halin da jinkirin daƙiƙa biyu ke zama mutuwa, ya riga ya amince da mutuwar wasu, ko da bai san sunayensu ba. Ɗan Adam ajizi ne, kowa ya yarda; abin mamaki shi ne a yarda da haka da baki, sannan a miƙa masa aikin da sai marar kuskure ke iya fita daga cikinsa da rai.

An taɓa gane wannan tun kafin Starfighter. A lokacin yaƙin duniya na biyu, matuƙan jirgin B-17 sun yi ta naɗe tayoyi bayan sun sauka, jirgi ya zube a kan cikinsa, ana ta rubuta kuskuren matuƙi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba sai ya ga makunnin tayoyi da na fikafikan sauka kamarsu ɗaya, ga su kusa da juna. Aka bambanta siffarsu yadda hannu zai gane su ko ido bai duba ba, matsalar ta kau. Matuƙan ba su canza hali ba; wurin zamansu aka gyara. Da an tsaya ga zargi, da an ci gaba da hukunta mutane a kan laifin da makunni biyu suka haddasa.

Wani zai ce ai matuƙan sun san haɗarin, da ƙafarsu suka je, da yawansu ma suna alfahari da jirgin, suna ƙaunarsa kamar yadda mahayi ke ƙaunar ingarman da ba kowa ke iya hawansa ba. Haka ne, kuma raina jaruntakarsu zai zama zalunci na biyu. Sai dai yarda tana da iyaka. Saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai ya yarda ya fuskanci abokin gaba da haɗarin da ba makawa a sana'arsa. Bai yarda da ƙarancin sa'o'in horo ba, ko jirgin da ya kwana a raɓa, domin ba a shawarce shi a kan waɗannan ba. Jaruntakar na ƙasa ba ta wanke sakacin na sama; hasali ma ƙara masa nauyi take yi, tunda da ita aka dogara aka yi sakacin.

Wani kuma zai kawo uzurin zamani: ana cikin yaƙin cacar baka, rundunonin Tarayyar Sobiyet na bakin iyaka, gaggawa ta zama dole. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma abin da ya biyo baya ya rage mata shi. Erich Hartmann, matuƙin da ya fi kowa harbo jirage a yaƙin duniya na biyu, ya yi gargaɗi cewa rundunar ba ta shirya wa wannan jirgi ba. Ba a saurare shi ba, ya bar aiki a 1970. A 1966 aka naɗa Janar Johannes Steinhoff shugaban sojin sama, mutumin da shi kansa ya ƙone a fuska a haɗarin jirgi a 1945. Ya ƙara wa matuƙa sa'o'in tashi, ya gyara tsarin kula da jiragen, aka sauya kujerun tsira da na kamfanin Martin-Baker daga 1967. Yawan hatsari ya ragu ainun. Jirgin bai sake ba, barazanar ma ba ta gushe ba. Ashe wani kaso na waɗanda suka mutu kafin nan, abin da ya ci su gyararre ne, an dai jinkirta gyaran. Haɗarin kuma bai san ɗan babba ba: a 1970 ya ci ɗan Kai-Uwe von Hassel, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaro daga 1963 zuwa 1966, shekarun da abin ya fi muni.

Ke nan alhakin rababbe ne, amma rabon ba daidai wa daida ba ne. Gwargwadon ikon mutum da lokacin da ya samu na yin tunani, gwargwadon kasonsa. Injiniya ya samu shekaru a gaban allon zane. Minista da janar-janar sun samu watanni, da mashawarta, da takardu. Matuƙi ya samu daƙiƙa biyu a cikin gajimare. Adalci bai yarda a ɗora kaso mafi girma a kan wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci ba, balle ga shi shi kaɗai ne ba zai halarci zaman binciken ba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, kowa ya taka nasa ya hangi na wani. Tudun mamaci kuwa ya fi kowane sauƙin hange, domin mai shi ba ya musu.

Darasin bai tsaya ga jiragen sama ba. Duk inda wani ya tsara aiki, wani ya aiwatar, wannan tambaya na nan: likita da ma'aikacin jinya, mai mota da direbansa, mai tsara manhaja da ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Mai rubuta rahoto bayan ɓarna yana da haƙƙi a wuyansa, kada ya ajiye alƙalami da zarar ya gano hannun da ya kuskure. Sai ya ƙara tambaya: wa ya shirya wurin ta yadda kuskure ɗaya ya isa, kuma me ya sani ranar da ya sa hannu?