Wa Aka Yafe Wa?

Maƙwabcina direba ne a wata ma'aikatar tarayya. Taya ta fashe masa a hanyar Kaduna yana bakin aiki, hannunsa na dama ya shanye. Da na ce ya nemi diyya, sai ya ce, "Malam, ƙaddara ce, wa zan kama?" Magana ce mai kama da imani, shi ya sa ake jin nauyin musa ta. Ni dai ban yarda da ita ba.

Ai kisan kuskure ma ƙaddara ce, amma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kansa. Malaman fiƙihu sun yanka wa hannu ɗaya rabin diyyar rai, raƙuma 50, kowane yatsa raƙuma 10. Kuma a kisan kuskure, dangin mutum na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ake raba wa nauyin biya. Malamai sun rawaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora shi a kan mutanen diwani ɗaya, masu karɓar rabonsu a rajista guda. Waɗannan magabata sun fi mu sanin ƙaddara, ba su kuwa bar mai rauni da "sai haƙuri" kawai ba.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, har da gwamnati, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun diyyar ma'aikata na hukumar NSITF, ba tare da an taɓa ko kwabo na ma'aikaci ba. Ba sai an samu mai laifi ake biya ba, don haka ba diyyar shari'a ba ce kai tsaye. A ganina tana cikin sharuɗɗan aikin da aka ɗauke ka a kai, kamar albashi.

Yafiya falala ce, amma abin da ka mallaka kake yafewa. Idan ma'aikaci ya rasu, baffan da ya miƙe a zaman makoki ya ce "mun bar wa Allah" dukiyar marayu ya kyautar, shari'a kuma ba ta ba waliyyi wannan iko ba.

Doka ta ce a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara guda. Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da ƙaddara, ka kuma cike takardar.