Ƙawar Makaranta Jarin Tsufa Ce

 'Yar uwa, ina ƙawayenki na makaranta, waɗanda kuka yi ta'alimi tare, kuka ci a kwano ɗaya? Da yawanmu ranar da aka kai mu ɗaki ranar muka yanke wannan igiya, muna ganin hidimar miji da yara ta ishe mu. To, wallahi akwai ranar da za a nemi igiyar nan, ranar takaba, ko zawarci, ko jinyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko sa'ad da yara suka watse gida ya yi shiru.

A shekarar 2014 cibiyar Gallup da Jami'ar Purdue ta Amurka sun tambayi mutum sama da 30,000 da suka gama jami'a, suka gano waɗanda suka shiga ƙungiyoyin 'yan uwantaka na ɗalibai sun fi sauran samun gamsuwa wajen aiki da zamantakewa da lafiya. Ba cewa muke yi a kwaikwayi ƙungiyoyinsu ba, don wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen shan giya. Abin lura shi ne zumuncin da aka ƙulla kan neman ilimi yana bin mutum har tsufa.

Mu mutanen Sakkwato ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, tana ba kowace malfa da rawani. Jaji ta taso da tsofaffi da 'yan mata daga ƙauye su zo su ɗauki karatu, su koma su isar wa matan aure har cikin gidajensu. Kuma ba karatu kaɗai ba ne, su ne masu duba maras lafiya da wankan gawa da taimaka wa mabukata. Da Nana ta rasu tafiyar ba ta mutu ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙonta. A zamaninmu kuma an kafa MSS a Legas a 1954, aka kafa FOMWAN a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko.

Sai dai fa ba kowace ƙungiya ba ce abar shiga. Manzon Allah (SAW) ya kamanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuwa da maƙeri mai zuga wuta. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiyar da babu komai cikinta sai gasar anko da gulma da zuga mace kan mijinta, wannan bashi da ciwon zuciya kawai take gadarwa. Balle ƙungiyoyin asiri na jami'o'i da suka ci rayukan matasa. Don haka in ɗiyarki ta samu shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kada ki tsaya kan tambayar sakamako kaɗai. Tambaye ta, da wa kike zama? Wace ƙungiya kika shiga? Waɗannan su ne za su tsaya mata nan da shekara talatin.

Ke kuma 'yar uwa, nemi izinin maigida ki farfaɗo da naki zumuncin. Gaisuwar WhatsApp ba ta isa ba, zumunta a ƙafa take. Cikin wannan mako nemo ƙawa ɗaya da kika san tana cikin wani hali, ki je har gida, ko da sabulu ne ki riƙa mata. Ku haɗa ta'alimi na wata-wata, ku aje ɗan asusu saboda marayun junanku.

Allah Ya haɗa mu da ƙawaye nagari, Ya sa mu cikin masu son juna dominSa waɗanda zai sanya cikin inuwarSa ranar ƙiyama. Amin.